Hyman Rickover: Hafsan sojan ruwan da bai yarda da waldar da ba a tantance ba

A watan Satumba na 1954, ana cikin gwajin injinan wani sabon jirgin yaƙi mai nutso a ma'aikatar ƙera jirage ta Electric Boat da ke Groton, a jihar Connecticut ta Amurka, sai wani siririn bututun tururi ya fashe. Da aka bincika, aka tarar bututun irin wanda ake naɗe fallen ƙarfe ne a bi tsawonsa da walda, alhali tsarin aikin ya tanadi bututu maras ɗinki ko kaɗan. Matsalar ita ce, da zarar an ɗaura bututun an lulluɓe shi, ido ba ya iya rarrabe nagari da na bogi. Jami'in da ke kula da aikin ya ba da umarni a kwance duk bututun da ake shakka a kansa, a maye gurbinsa da sabo. Wannan ya ci kusan wata uku, ya kuma ci kuɗi. Jirgin shi ne Nautilus, na farko a duniya da ke tafiya da makamashin nukiliya, jami'in kuwa shi ne Hyman George Rickover.

An haife shi a watan Janairun 1900 a garin Makow na ƙasar Foland, lokacin tana ƙarƙashin daular Rasha. Mahaifinsa tela ne Bayahude. Iyalin sun yi ƙaura zuwa Amurka yana ɗan shekara shida, suka zauna a Niyok kafin su koma Shikago, inda ya yi aikin raba wasiƙun tangarahu yana ɗan makaranta. Ya shiga kwalejin sojan ruwa ta Annapolis a 1918, ya fito a 1922, daga baya ya yi digiri na biyu kan injiniyan lantarki a Jami'ar Columbia. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu shi ne shugaban sashen lantarki na ofishin da ke kula da jiragen rundunar. A can ne aka fara saninsa da halin da ya bi shi har kabari: ba ya karɓar rahoto a baki, sai ya je ya gani, kuma ba ya tauna magana kafin ya faɗe ta.

A 1946 aka tura shi Oak Ridge da ke jihar Tennessee don ya koyi ilimin nukiliya. Ya dawo da yaƙinin cewa za a iya ƙera tukunyar nukiliya ƙarama da za ta shiga cikin jirgi mai nutso, ta yadda jirgin zai yi makonni a ƙarƙashin teku ba tare da ya ɗago shan iska ba. Masana sun riga sun san lissafin yadda ƙwayar zarra ke tsagewa ta ba da zafi. Abin da ya rage shi ne aikin maƙera: wane ƙarfe ne zai jure ruwan da ya fi tafasasshe zafi, a ƙarƙashin matsi mai tsanani, shekara da shekaru, kuma yaya za a haɗa gaɓoɓinsa ba tare da ko ɗigo ya fita ba.

A nan walda ta zama zuciyar al'amarin. Idan waldar ƙofar gida ta tsage, mai walda zai zo da injinsa ya sake bi ta kai, shi ke nan. Cikin tukunyar nukiliya ba haka abin yake ba. Da zarar ta fara aiki, ƙarfen kansa yakan ɗauki gubar nukiliya, kuma lokacin da ɗan'adam zai iya tsayawa kusa da shi ƙidayayye ne. Wani matashin hafsa daga cikin yaran Rickover ya ɗanɗana wannan. Bayan haɗarin da ya auku a tukunyar gwaji ta Chalk River a Kanada cikin Disambar 1952, an tura shi da tawagarsa su taimaka wajen kwance ta. Sai da suka yi ta atisaye a kan kwaikwayon tukunyar, sannan kowa ya riƙa shiga na daƙiƙa casa'in kacal, ya kwance abin da zai iya ya fito. Sunan hafsan Jimmy Carter, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka.

Akwai wata wahalar da sai daga baya aka fahimce ta sosai. Ƙwayoyin niyutiron da ke dukan ƙarfe tsawon shekaru suna haifar da iskar hiliyom a cikin jikinsa. Idan aka kawo wutar walda, iskar sai ta taru a tsakanin ƙwayoyin ƙarfen ta zama ƙananan kumfa, ƙarfen na hucewa sai sabuwar tsaga ta buɗe a gefen gyaran. Haka ta faru a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da aka yi ƙoƙarin liƙe tankin wata tukunya a Savannah River, aka ƙare da rufe ta. Rickover bai jira wannan darasi ba. Tun farko matsayinsa shi ne, tunda gyara daga baya kusan ba ya yiwuwa, to dole a yi waldar daidai a karon farko, a ɗauki hotonta da na'urar da ke ratsa ƙarfe, a kuma san wanda ya sa hannu a kai.

Nautilus ya fara tafiya ran 17 ga Janairun 1955, kuma a Agustan 1958 ya ratsa ƙarƙashin ƙanƙarar ƙuryar arewacin duniya. Jirgi na biyu, Seawolf, bai yi irin wannan sa'a ba. Tukunyarsa da narkakken sinadarin sodiyom ake sanyaya ta maimakon ruwa, kuma tun a gwaji tsaga ta bayyana a na'urorin ƙara wa tururi zafi. Sodiyom yana kamawa da wuta idan ya haɗu da ruwa, sannan yana riƙe guba har sai an jira kwanaki kafin a shiga gyara. Rickover bai tsaya kare aikin da shi kansa ya amince da shi ba. Ya sa aka cire tukunyar, aka maye ta da irin ta Nautilus mai ruwa. Wannan samfuri mai ruwa a matse shi ne kuma ya gina tashar lantarki ta Shippingport a Pennsylvania da shi, wadda ta fara aiki a Disambar 1957, kuma shi ya fi yawa a tashoshin nukiliyar duniya har yau.

A Oktoban 1962 ya tsaya gaban taron masana ƙarafa a Niyok ya tona asirin masana'antun ƙasarsa. Ya ba da misalin walda 99 a bututun tururin wata tukunya, waɗanda kamfanin da ya yi su ya ce an ɗauki hotonsu kuma sun cika ƙa'ida. Da mutanensa suka sake dubawa, kashi 10 cikin ɗari ne kawai suka cika ta. Kashi 35 suna da aibi bayyananne, sauran kuwa kaushin bayansu ya hana a karanta hoton ma.

Wata shida bayan haka, ran 10 ga Afrilun 1963, jirgin Thresher ya nutse a gabashin Cape Cod da mutum 129. Kwamitin bincike ya fi karkata ga cewa wata gaɓar bututun ruwan teku ce ta saki, irin wadda ake liƙewa da narkakkiyar azurfa ba a yi mata cikakkiyar walda ba, ruwa ya taɓa kayan lantarki, tukunyar ta mutu, jirgin ya rasa ƙarfin ɗagowa. Wasu masana sun yi ja da wannan bayani daga baya. Rickover bai tsira daga suka ba, domin ƙa'idojinsa na sake kunna tukunya bayan ta mutu suna cin lokaci, kuma ya gajarta su bayan haɗarin. Daga wannan rashi ne aka kafa shirin SUBSAFE, wanda ya wajabta rubutacciyar shaida a kan kowace gaɓa da ke tare ruwan teku.

Ba mutum ne mai daɗin sha'ani ba. Shi da kansa yake tantance duk hafsan da zai yi aiki da tukunya, kuma an san shi da zaunar da su a kujerar da aka rage wa ƙafafun gaba don su kasa natsuwa. Sau biyu manyan rundunar suka tsallake shi wajen ƙarin girma, abin da zai tilasta masa ritaya, sai da 'yan majalisar dokoki suka sa baki kafin ya zama admiral a 1953. Majalisar ce ta ci gaba da zama garkuwarsa, har ya kai tauraro huɗu a 1973. Duk da haka, jiragen da ya kula da su ba su taɓa fuskantar haɗarin narkewar tukunya ba, a daidai zamanin da takwarorinsu na Tarayyar Sobiyet suka yi ta asarar rayuka ta wannan hanya.

Gwamnatin Ronald Reagan ta yi masa ritayar dole a ƙarshen Janairun 1982, bayan shekara 63 cikin kaki, lokacin yana tsakiyar rikici da kamfanin General Dynamics, mai ma'aikatar Electric Boat, kan kuɗaɗen kwangila da munanan walda da aka gano a sababbin jirage. A 1985 aka ba shi takardar gargaɗi bisa karɓar kyaututtuka na sama da dala dubu sittin daga wannan kamfanin cikin shekara goma sha shida, tabon da masoyansa ma ba su iya gogewa ba. Ya rasu ran 8 ga Yulin 1986, aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington.