Solomon Berson: Likitan da aikinsa ya buɗe hanyar gano ƙwaya a jini da fitsari

An haifi Solomon Berson a birnin New York na Amurka ranar 22 ga Afrilu, 1918. Ya kammala digirinsa na farko a kwalejin birnin a 1938, amma makarantun likitanci da dama suka ƙi ɗaukarsa. Bai yi ƙasa a gwiwa ba har ya samu gurbi a Jami'ar New York, inda ya zama likita a 1945. Bayan ya yi aikin soja, sai ya kama aiki a asibitin tsofaffin sojoji da ke unguwar Bronx.

A asibitin ne, a 1950, ya haɗu da Rosalyn Yalow, masaniyar kimiyyar fiziks, suka yi shekara 22 suna bincike tare. Suna ɗaura wa sinadarin insulin aidin mai fitar da hasken nukiliya domin bin sawunsa a jikin mutum. Sai suka lura cewa insulin ɗin yana daɗewa a jinin masu ciwon sukari da suka saba shan allurarsa, saboda jikinsu ya samar da sinadaran garkuwa da ke kama shi.

Masana na wancan zamani ba su yarda ba, domin a ganinsu insulin ya yi ƙanƙantar da garkuwar jiki ba za ta kula shi ba. Mujallar Science ta ƙi buga sakamakon, wata mujallar kuma ta buga shi a 1956 bayan an cire kalmar garkuwar jiki daga kanun.

Daga nan dabarar da ake kira RIA ta samo asali, wadda suka bayyana a 1959 da 1960. Ana zuba sinadarin garkuwa ɗan kaɗan, a haɗa da sanannen adadi na abin da ake nema wanda aka yi wa alamar nukiliya, sannan a zuba jinin mutum. Abin da ke cikin jinin da mai alamar za su yi gasar manne wa garkuwar. Idan abin ya yi yawa a jinin, zai ture mai alamar, hasken da na'ura ke ƙirgawa ya ragu. Da gwargwadon raguwar ake gane yawan abin, komai ƙanƙantarsa.

Berson da Yalow ba su yi rajistar mallakar fasahar ba, suka ma riƙa koyar da ita ga masu bincike daga ƙasashe daban-daban. A 1970 Sydney Spector da Charles Parker suka yi amfani da ita wajen auna mofin, daga nan ta shiga ɗakunan binciken laifuka, inda aka riƙa neman miyagun ƙwayoyi a jini da fitsarin waɗanda ake tuhuma ko gawarwakin da ba a san sanadin mutuwarsu ba.

Sai dai gwajin yana da iyaka. Garkuwar da aka tanada domin mofin tana iya kama kodin saboda kamanninsu, don haka mai shan maganin tari zai iya faɗawa cikin zargi. Shi ya sa masana suke ɗaukar sakamakon a matsayin tantancewar farko, sai an tabbatar da shi da na'urar da ke rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya kafin a kai shi gaban kotu. Daga baya gwaje-gwajen da ba sa buƙatar nukiliya sun maye gurbin RIA a wurare da yawa, amma a kan tubalin gasar nan aka gina yawancinsu.

A 1968 Berson ya zama shugaban sashen likitanci a makarantar Mount Sinai. Ya rasu sakamakon bugun zuciya ranar 11 ga Afrilu, 1972, a Atlantic City, inda ya je taron masana, yana da shekara 53. A 1977 aka ba Yalow lambar yabo ta Nobel kan wannan aiki. Berson bai samu ba, domin ba a zaɓar mamaci. Yalow ta sa wa ɗakin bincikenta sunansa, don sunan ya ci gaba da fitowa a kan kowace takarda da ta wallafa.