Rabaran Robert Stirling: Faston da Ya Ƙi Barin Zafi Ya Tafi a Banza

A wannan mako za mu duba rayuwar wani bawan Allah daga ƙasar Sikotilan, Rabaran Robert Stirling. Ya yi shekara sittin da ɗoriya yana kiwon Ikilisiya, amma injiniyoyin duniya sun san sunansa ne saboda dabarar da ya ƙago ta tattalin zafin wuta.

An haife shi ran 25 ga Oktoba 1790 a wata gona kusa da garin Methven. Ya yi karatu a jami'o'in Edinbara da Gilasgo, inda ya koyi ilimin tauhidi. A watan Satumba na 1816 aka naɗa shi fasto a wata majami'a a garin Kilmarnock. A cikin wannan watan ne kuma ya nemi hukuma ta yi wa wani inji da ya ƙago rajista da sunansa, yana ɗan shekara 25.

Mene ne ya dame shi? A zamaninsa masana'antun Birtaniya sun dogara ne ga injin tururi. Ana ƙona kwal a ƙarƙashin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe, ruwa ya tafasa, tururi ya tura inji. Amma kaɗan ne daga cikin zafin yake zama aiki. Wani ya bi hayaƙi ya fita, wani ya tsere ta jikin tukunyar, wani kuma ya tafi tare da tururin da ya gama aikinsa. Ban da haka, ƙarfen lokacin ba shi da ƙwari sosai, tukwane sukan fashe su hallaka ma'aikata.

Injin Stirling bai bukaci tukunyar tururi ba. Iska ce a rufe a cikinsa. Ana hura wuta a gefe ɗaya, ɗayan gefen kuwa a bar shi da sanyi. In iskar ta yi zafi sai ta kumbura ta tura sandar injin, in ta koma gefen sanyi sai ta tsuke. Asirin yana tsakanin gefunan biyu. A nan ya jera siraran ƙarafa, ta yadda iska mai zafi in za ta wuce sai ta bar musu zafinta, in ta dawo kuma ta karɓi abinta. Ke nan wuta ba ta sake yin aikin da ta riga ta yi. Wannan ma'ajiyar zafi ita ce ya kira ikonomaiza, wato mai tsimi. Iyayenmu mata da sukan ajiye tukunyar ruwa a gefen murhu yayin da tuwo yake kan wuta sun san wannan hikima.

A 1818 aka sa injinsa na farko jan ruwa a wani wurin fasa dutse a yankin Ayrshire. Daga baya shi da ƙanensa James, wanda injiniya ne, suka ƙara gyara shi a 1827 da 1840. A 1843 wani babba ya fara tafiyar da injinan wata maƙera a birnin Dundee, yana cin kwal ƙasa da injin tururin da ya gada. Amma zafin ya fi ƙarfin ƙarfen zamanin. Gindin da wuta ke duka ya yi ta lalacewa, har a 1847 aka cire shi aka koma ga tururi.

A idon mutane, aikin ya faɗi. Shi kuwa bai bar kiransa ba. Tun 1824 ya koma Ikilisiyar Galston, a can ya zauna yana wa'azi da ziyarar marasa lafiya fiye da shekara 50. Jami'ar St Andrews ta ba shi digirin girmamawa na tauhidi a 1840. Allah ya ba shi 'ya'ya bakwai, biyu daga cikinsu, Patrick da James, suka shahara wajen ƙera kawunan jirgin ƙasa. Ya rasu a Galston ran 6 ga Yuni 1878.

Iri kuwa ya riga ya faɗa ƙasa. A 1845 wani Bature mai suna Edward Green ya fito da tasa ikonomaiza don tukwanen tururi: ruwan sanyi yana bi ta cikin bututu a hanyar hayaƙi, ya ɗumama kafin ya shiga tukunya. A shekarun 1850 'yan'uwan nan Siemens suka gina tanderun da ke ajiye zafin hayaƙi a cikin tubali, su mayar da shi ga iskar da ke shiga wuta. Har yau masana'antu suna bin wannan hanya. Injiniyoyi sun ƙiyasta cewa duk lokacin da aka rage zafin hayaƙin da ke fita da kimanin digiri 20 na ma'aunin salsiyos, ana tsimin kusan kashi 1 cikin 100 na mai. Shi kansa injin Stirling kamfanin Philips na ƙasar Holan ya farfaɗo da shi a ƙarshen shekarun 1930, yanzu ma yana aiki a cikin jiragen ƙarƙashin ruwa na ƙasar Suwidin.

Mu tuna, bayan Ubangijinmu Yesu ya ciyar da mutum dubu biyar, ya sa almajiransa su tattara gutsattsarin da suka rage don kada kome ya lalace (Yohanna 6:12). Wanda ya iya riɓanya gurasa bai yarda da ɓarna ba. To, mu fa? Itacen da muke ƙonawa a murhu a buɗe alhali daji yana ƙarewa, baikon Ikilisiya, da basirar matasanmu da ba mu kula da ita, duk amana ce da za a tambaye mu. Kada kuma mu ce wa yaro mai son kimiyya ya zaɓa tsakanin littafin lissafi da Littafi Mai Tsarki, gama Stirling ya riƙe duka biyun har ƙarshe.

Ubangiji ya sa a same mu amintattu cikin ƙanƙanen abu. Amin.