Rabindranat Tagor, malamin da ya kai aji ƙarƙashin itatuwa

1. Yaron da ke leƙe ta taga

A ƙasar Indiya, cikin yankin Bangal, akwai wani babban birni da ake kira Kalkuta. Yau ana ce masa Kolkata. A nan aka haifi Rabindranat Tagor ran 7 ga watan Mayu na shekarar 1861. A lokacin Turawan Ingila ne ke mulkin ƙasar. Gidansu gidan arziki ne, kuma gidan ilimi. Cikin yayyensa akwai marubuta, akwai makaɗa, akwai masu tsara wasan kwaikwayo. A gida ana kiransa Rabi.

Mahaifinsa mutum ne mai yawan tafiye-tafiye, saboda haka barorin gida ne ke lura da yara. Akwai wani bara wanda in yana son ya huta, sai ya zaunar da Rabi kusa da taga, ya ɗauki alli ya zana da'ira kewaye da shi, ya hana shi ƙetare ta. Nan yaron yakan wuni yana leƙen waje. Yana hangen wani tafki inda mutane ke wanka, da wani ƙaton icce mai saiwoyi masu saukowa daga rassa kamar na ceɗiya. Yana marmarin fita, amma ba hali.

2. Makarantar bulala

Da Rabi ya isa shiga makaranta, ya yi murna ƙwarai, don yana tsammanin ya samu hanyar fita. Murnar ba ta daɗe ba. A makarantarsa ta farko, yaron da ya kasa kawo hadda sai a tsai da shi bisa benci, ya miƙe hannuwansa, a jibga masa alluna a tafin hannu. A makaranta ta biyu kuwa, kowace safiya akan tara yara su rera wata waƙa cikin Ingilishi, alhali ba su san ma'anarta ba. Bakinsu na motsi, zuciyarsu na wani wuri.

In Rabi ya koma gida, yakan yi wasan malam da ɗalibai. Sandunan shingen baranda su ne ɗalibansa. Sai ya ɗauki tsumagiya ya yi ta dukansu, wai ba su iya karatu ba. Abin da ya gani ke nan a aji, shi kuma yake kwaikwayo. Da ya girma ya tuna da wannan wasa, ya gane cewa yaro ya fi saurin ɗaukar halin malaminsa bisa ga darasinsa.

Makarantu huɗu Rabi ya shiga, ba wadda ya zauna cikinta da daɗin rai. Yana da wajen shekara 14 ya bar zuwa makaranta gaba ɗaya. Mutanen gida suka ɗauka ba zai zama kome ba.

3. Inda ya samu karatu

Amma Rabi ba maƙiyin ilimi ba ne. Tun yana da wajen shekara 8 wani ɗan'uwansa ya nuna masa yadda ake ƙirga gaɓoɓin kalmomi a shirya baitin waƙa. Ya samu wani littafin rubutu mai shuɗin bango, ya shiga cika shi da baitoci cikin harshensu na Bangali.

A shekarar 1873 mahaifinsa ya tafi da shi wata doguwar tafiya har duwatsun Himalaya. Tun kafin ketowar alfijir yakan tashe shi su yi karatu. Da rana ya bar shi ya yi yawo cikin duwatsu shi kaɗai. Da dare kuma su zauna waje, ya nuna masa taurari yana faɗa masa sunayensu. A nan Rabi ya ga cewa ana iya haɗa horo da sakewa, ana kuma iya koyo ba tare da tsoro ba.

A 1878 aka aika shi Ingila ya yi karatu. Ya komo a 1880 ba tare da takardar shaida ba. Daga baya mahaifinsa ya ba shi kula da gonakin gidansu a bakin kogin Padma. Ya yi shekaru yana yawo cikin jirgin ruwa daga ƙauye zuwa ƙauye. Ya ga talaucin manoma da idonsa, ya saurari waƙoƙinsu, ya kuma rubuta waƙoƙi da labarai masu yawa. Sunansa ya bazu cikin ƙasar Bangal.

4. Gidan zaman lafiya

Da ƴaƴansa suka isa karatu, Tagor bai yarda su sha irin wahalar da ya sha ba. Mahaifinsa yana da wani fili a karkara, kimanin kilomita 160 daga Kalkuta, mai suna Santiniketan. Ma'anar sunan ita ce gidan zaman lafiya. A nan Tagor ya buɗe makaranta cikin watan Disamba na 1901. Ɗalibai 5 kawai ya fara da su, ɗaya daga cikinsu ɗansa ne.

Makarantar ba ta yi kama da sauran ba. Ana yin aji a waje, ƙarƙashin itatuwan mangwaro. Kowane ɗalibi yana zuwa da ƴar tabarmarsa. Ana koyarwa cikin harshen Bangali, wanda yara suka tashi da shi, daga baya su koyi Ingilishi. Tagor ya hana dukan yara.

Wannan ba ya nufin makarantar sakarci ce. Yara suna tashi da asuba, su share ɗakunansu, su yi wa kansu hidima. Abincinsu da tufafinsu marasa tsada ne. Su ne ke zaɓen shugabanninsu, kuma in ɗaya ya yi laifi, ƴan'uwansa ɗalibai ne ke zama su duba maganar.

Waƙa ita ce gishirin makarantar. Da waƙa ake buɗe yini, da ita ake rufe shi. Tagor yakan zauna tsakiyar yara ya karanta musu baitocin da ya gama rubutawa. Ba ya raina hankalinsu: yakan karanta musu har waƙoƙin manyan marubuta, waɗanda ake cewa sun fi ƙarfin yara. A ganinsa, ko yaro bai fahimci kowace kalma ba, daɗin karin zai shiga kunnensa, ma'ana kuma ta biyo baya. Ba ya tsayawa nan. Yakan sa su rubuta nasu baitocin, su karanta gaban jama'a da maraice. Yara suna da mujallunsu da suke rubutawa da hannu, su yi musu zane. In damina ta faɗi akan yi biki da waƙoƙin ruwan sama, in bazarar furanni ta zo akan yi nata. Tagor ya rubuta wasannin kwaikwayo domin ɗalibansa, shi ma yakan shiga wasan tare da su.

5. Wahalar da ya sha

Aikin bai zo da sauƙi ba. Iyaye da yawa suna son makarantar da za ta ba ƴaƴansu takarda su samu aikin gwamnati. Suna ganin karatu ƙarƙashin icce wasa ne. Sau da yawa yaran da suka gagara a gida su ake kawo masa. Kuɗi kuma suka yi ƙaranci. Tagor ya sayar da wani gidansa na bakin teku, matarsa Mirinalini ta ba da kayan adonta aka sayar domin makarantar.

Ga kuma rashe-rashe. Matarsa ta rasu a 1902, ƴarsa a 1903, mahaifinsa a 1905. A 1907 cutar kwalara ta ɗauke ƙaramin ɗansa. Duk da haka bai rufe makarantar ba.

A 1913 aka ba shi kyautar Nobel ta adabi saboda littafin waƙoƙinsa mai suna Gitanjali. Shi ne mutum na farko da ba Bature ba da ya samu wannan kyauta. Marubucin Faransa André Gide ya fassara littafin zuwa Faransanci. Kuɗin kyautar Tagor ya sa su cikin hidimar makarantarsa.

Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma a 1915. Amma a 1919 sojojin mulkin mallaka suka buɗe wuta kan taron jama'a a birnin Amritsar, suka kashe ɗaruruwan mutane. Tagor ya mayar musu da lambarsu.

6. Labarin aku

Domin ya nuna illar karatun dole, Tagor ya rubuta wani gajeren labari a kan wani aku. Sarki ya ga tsuntsun yana ta tsalle da kuka, bai san kome na littafi ba, sai ya ba da umurni a koya masa karatu. Aka ƙera masa keji na zinariya. Aka tara marubuta suka kwafi littattafai tuli. Malamai suka riƙa yago takardu suna cusa masa a baki. Kowa na yabon kejin, ba mai duban tsuntsun. A ƙarshe aku ya mutu. Da aka kawo shi gaban sarki aka taɓa cikinsa, ba abin da aka ji sai ƙarar takardu.

7. Abin da ya bari

Makarantar ta ci gaba da girma. Aka karɓi ƴan mata suna karatu tare da maza. A 1921 Tagor ya kafa jami'a a wurin, mai suna Visva-Bharati. A 1922 ya buɗe wata cibiya kusa da ita domin koyar da noma da sana'o'in hannu ga mutanen ƙauyuka. Ya rubuta wa ƙananan yara littafin koyon karatu mai cike da baitoci. Har ya haura shekara 70 yana zagaya birane da ɗalibansa, suna wasanni domin tara wa makaranta kuɗi.

Tagor ya rasu ran 7 ga watan Agusta na 1941, yana da shekara 80, a gidan da aka haife shi. Ya bar waƙoƙin rerawa fiye da 2000. Ƙasashe biyu, Indiya da Bangaladash, sun ɗauki waƙoƙinsa suka mai da su taken ƙasa. Cikin waɗanda suka yi karatu a Santiniketan akwai Indira Gandi, wadda ta zama firaministar Indiya a 1966, da Amartya Sen, wanda ya samu kyautar Nobel ta ilimin tattalin arziki a 1998. A 2023 hukumar UNESCO ta sa Santiniketan cikin wuraren tarihi na duniya.

Yaron da aka ce ba zai zama kome ba, shi ya zama malamin ƙasarsa. Bai manta da zafin benci da alluna ba, shi ya sa ya nemi hanyar da yara za su so karatu. Abin da aka cusa wa yaro da tsoro yakan zube a ƙofar aji. Abin da ya koya da ƙauna, cikin harshen da yake ji, shi ke binsa har tsufa.

Ma'anar kalmomi

Da'ira: zane mai kewaye, kamar bakin ƙwarya.
Baiti: wani yanki na rubutacciyar waƙa.
Kari: yadda sautin waƙa ke tafiya daidai, har a iya rera ta.
Adabi: waƙoƙi, tatsuniyoyi, labarai da wasannin kwaikwayo na wata al'umma.
Taken ƙasa: waƙar da ƴan ƙasa ke rerawa domin girmama ƙasarsu.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa aka haifi Tagor, kuma a wace shekara?
2. Me ya sa bai ji daɗin makarantun Kalkuta ba?
3. Me ya koya a tafiyar da ya yi da mahaifinsa?
4. Ku kawo abubuwa uku da suka bambanta Santiniketan da sauran makarantu.
5. Me ya kashe akun sarki?
6. Shekara nawa ke tsakanin buɗe makarantar da rasuwar Tagor?

Aiki

Ku fita filin lakwal tare da malaminku, ku zauna ƙarƙashin icce, ku dubi abin da ke kewaye da ku. Kowa ya rubuta layi huɗu na waƙa a kan abin da ya gani, sannan ya karanta wa ƴan ajinsu.