Malam Muhammadu Bakatsine: Masanin Lissafin da Muka Manta

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan, makarantun kuɗi da dama suna tallar darasin lissafin ka. Sukan ce yana farkar da ɓangaren dama na ƙwaƙwalwar yaro, wai boko ɓangaren hagu kaɗai yake motsawa. Wannan ya sa na ga ya dace mu ɗaliban Hausa a nan Naraguta mu waiwayi tarihin wani malami namu da ya yi fice a wasa ƙwaƙwalwa da lambobi kusan shekara 300 da suka wuce, wato Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi.

Tasowarsa da Karatunsa

Malam Muhammadu Bafillace ne, mutumin Katsina, kamar yadda laƙabinsa ya nuna. Ya taso a zamanin da Katsina take cibiyar ilimi da ciniki, fatake da malamai suna shigowa ta hanyar Sahara. Cikin malamansa akwai Shehu Muhammad al-Wali, mutumin Bagarmi, a ƙasar Chadi ta yau. Bayan ilimin addini da Larabci, ya zurfafa a hisabi da ilimin taurari.

Daga baya ya tafi aikin hajji, ya zauna a Makka da Madina, sannan ya zarce Alƙahira. A can ya sauka a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, wanda shi ma masanin taurari ne. A gidan ne Allah ya yi masa rasuwa a 1741, ya bar wa mai masaukinsa littattafansa. Ɗan mai gidan, wato Abdurrahman al-Jabarti, mashahurin marubucin tarihin Masar, shi ya adana mana labarinsa, duk da cewa an haife shi ne bayan rasuwar malamin.

Aikinsa

Littafinsa da masana lissafi suka fi ambata shi ne Bahjat al-Afaq, wanda ya rubuta da Larabci. A ciki ya yi bayanin yadda ake gina hatimi, musamman mai gidaje mara, kamar uku-uku ko biyar-biyar. Ga misali: a jera 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Duk ta inda aka haɗa, a kwance, a tsaye ko a karkace, 15 za a samu. A mai gida biyar-biyar kuwa, jimillar 65 ce.

Gaskiya ne a zamaninsa ana danganta hatimi da asiri, shi ma ya yi rubutu a wannan fanni. To amma ginin kansa ƙa'ida ce tsantsa ta lissafi. Mai ginawa dole ya riƙe lambobi a ka, ya kuma hango gidan da kowace za ta faɗa. Malamin ya kuma gargaɗi almajirai da kada su karaya in sun yi kuskure, su sake gwadawa har su dace.

Darasi Gare Mu

Batun ɓangarorin ƙwaƙwalwa yana da tushe. Roger Sperry ya sami kyautar Nobel a 1981 saboda nuna cewa kowane ɓangare yana da ayyukan da ya fi ƙwarewa a kai; magana, alal misali, ta fi karkata ga hagu a yawancin mutane. Sai dai a 2013 masana a Jami'ar Utah ta Amurka sun duba hotunan ƙwaƙwalwar mutum fiye da 1,000, ba su ga shaidar cewa akwai ɗan dama ko ɗan hagu ba. Lissafi yana aiki da ɓangarorin biyu tare, kamar yadda hatimi yake buƙatar ƙirga da hange lokaci guda.

Kammalawa

Abin da ke ƙarfafa yaro shi ne yawan gwaji, haƙuri da fahimtar ƙa'ida. Da yawa cikinmu aji za mu shiga bayan kammala digiri. Allo da alli sun isa mu zana wa yara gidaje tara, mu koya musu da Hausa, mu kuma gaya musu sunan Bakatsinen da ya koyar da wannan ilimi har Masar. Allah ya ji ƙansa, amin.