BOYD ALEXANDER, BATUREN TSUNTSAYE

Duk wanda ya taɓa bin fadamar Gulbin Rima daga Augie zuwa Argungu da kaka, bayan ruwa ya fara janyewa, ya san irin tsuntsayen da ke taruwa a wurin. Ga dinya, ga kirinjijiya, ga zalɓe da balbela, ga kuma waɗansu ƙanana masu dogayen ƙafafu da ke kiwo bakin laka. Da yawa cikin ƙananan nan baƙi ne, can arewacin Turai su ke yin ƙwai, sanyi ne ke koro su. Amma in ka tambayi masunci ko sun ragu bisa ga zamanin kakansa, sai dai ya kintata, gama ba shi da lissafi a rubuce. Mutumin da za mu ba da labarinsa ta Binuwai da Barno hanyarsa ta bi, ba ta Kabi ba, amma irin wannan rubutu shi ne aikin da ya ƙare ransa a kai.

An haifi Boyd Alexander ran 16 ga Janairu, 1873. Ubansa hafsan soja ne, gidansu kuwa yana Cranbrook, cikin lardin Kent na Ingila. Shi ma soja ya shiga cikin 1893, amma zuciyarsa na wajen tsuntsaye. Cikin 1896 ya zauna bakin teku kusa da garin Rye, yana duban inda tsuntsayen gaɓa ke sheƙa, da lokacin zuwansu da na tashinsu, yana rubutawa.

Cikin 1897 ya tafi tsibiran Kef Bade, yamma da Sanagal, har sau biyu. Akwai wani ɗan tsibiri cikinsu wai shi Raso, ba kowa a kansa, ba ruwan sha, sai duwatsu da tsuntsayen teku masu ƙwai cikin ramummuka. Nan ya tarad da wani ɗan tsuntsu mai tukku, mai sheƙa a ƙasa gindin ciyawa, wanda a lokacin babu irinsa ko'ina cikin duniya sai tsibirin nan. Ya bayyana shi ga masana cikin 1898. A tsibiran nan ne kuma ya ɗauki wani yaro, José Lopes, ya koya masa harbi da fiɗar tsuntsu, ba su kuwa rabu ba sai da mutuwa ta raba.

Daga nan ya je Kogin Zambezi cikin 1898. Cikin 1900 yana tare da rundunar da ta ceci Kumasi, cikin 1902 kuma ya hau duwatsun tsibirin Fanando Po, ya samo tsuntsaye da yawa waɗanda Turawa ba su san da su ba. Ya sa wa biyu daga ciki sunan Lopes.

Babbar tafiyarsa ta tashi cikin 1904. Tare da shi akwai ƙanensa Kyaftin Claud Alexander, da Kyaftin Gosling, da P. A. Talbot ma'aunin ƙasa, da Lopes, da sojan rakiya, da 'yan alaro masu yawa. Suka kawo jiragen ruwa biyu na ƙarfe waɗanda a ke kwancewa a ɗauka a ka. Daga Lokoja suka bi Binuwai zuwa Ibi, suka hau Gongola, suka faɗa Barno. Ba su daɗe ba zazzaɓi ya kama Claud, ya mutu a Mafoni cikin Nuwamba 1904.

Boyd ya binne ƙanensa, ya wuce Tafkin Cadi. Wata da watanni yana fama da tafkin nan. Taswirar Turawa ta nuna ruwa ɗaya shimfiɗe kamar teku, shi kuwa sai ya tarar ruwa ne maras zurfi, ga laka, ga tsibirai barkatai, ga ciyawa da itatuwan ruwa sun raba tafkin biyu. Wani lokaci sai an sare hanya da adda, a ja jirgi cikin laka, ga sauro. Duk da haka bai bar littafinsa ba: kowane tsuntsu da ranar da aka same shi da wurin. Gosling ya mutu a Niangara, ƙasar Kwango, cikin Yuni 1906. Boyd da Lopes suka isa Kogin Nilu ƙarshen shekarar. Littafinsa na tafiyar ya fito cikin 1907, cikin 1908 kuma Ƙungiyar Masana Labarin Ƙasa ta Landan ta ba shi lambar zinariya.

Kada dai mu ɓoye, da bindiga ya ke nazarinsa. Harbe tsuntsu ya ke yi, a feɗe, a shanya fata, a aika Ingila, yadda masanan zamaninsa ke yi. Yawancin talakawan da suka ɗauki kayan nan bisa kawunansu kuwa ba wanda ya san sunayensu yau. Amma takardar da ke ɗaure ga ƙafar kowace fata, mai ɗauke da wuri da kwanan wata, ita ce shaidar da masana ke komawa gare ta in suna son su san abin da ke wuri kaza da, kamar yadda magatakarda ke buɗe tsohon littafin jangali.

Ƙarshen 1908 ya sake fitowa. Ya zaga tsibiran Sawo Tome da Firinsifi da Annobon, ya hau Dutsen Kamaru daidai lokacin da ya yi aman wuta cikin 1909, sa'an nan ya nufi Wadai, ƙasa kuwa ta rikice da yaƙin Faransawa. Ran 2 ga Afrilu, 1910, aka kashe shi a Nyeri, ƙasar Tama, yana da shekara 37. Lopes ya tsira. Aka kawo ƙasusuwansa Mafoni, aka binne kusa da ƙanensa. Budurwarsa Olive MacLeod ta taso tun daga Ingila don ta ga kabarin. Ita ce daga baya ta auri C. L. Temple, wanda ya zama Mataimakin Gwamna na Arewa cikin 1914.

Ɗan tsuntsun nan na Raso bai ƙare ba. Masana suka riƙa zuwa suna ƙidaya shi shekara shekara. Cikin 2004, bayan fari, 'yan kaɗan kaɗai suka samu. Da ruwan sama ya kyautata ya haura dubu, cikin 2018 kuma aka ɗebi waɗansu aka kai tsibirin Santa Luziya da ke kusa, don kada fari guda ya shafe su duka.