Janar Ziya'ul Haƙ: Ya yi alƙawarin kwana 90, ya yi shekara 11, ya ƙare a cikin jirgin da har yau ake jayayya kan faɗuwarsa

Da la'asar ɗin Laraba, 17 ga Agusta, 1988, wani jirgin dakon kaya na soja ƙirar C-130 ya tashi daga Bahawalpur a ƙasar Pakistan. Bayan 'yan mintuna mutanen ƙauye suka hango shi yana tangaɗi, ya yi sama ya yi ƙasa, sannan ya rikito kusa da kogin Sutlej ya kama da wuta. Babu wanda ya tsira cikin mutum kusan 30 da ke ciki. A cikinsu akwai shugaban ƙasar, Janar Muhammad Ziya'ul Haƙ, da babban hafsan tsaro Janar Akhtar Abdur Rahman, da jakadan Amurka Arnold Raphel.

An haifi Ziya ranar 12 ga Agusta, 1924, a Jalandhar ta yankin Punjab, lokacin Indiya na hannun Turawan Ingila. Mahaifinsa ma'aikacin ofis ne mai riƙo da addini. Ya yi karatu a Delhi, ya zama hafsa a 1943, ya kuma halarci Yaƙin Duniya na Biyu a fagen Bama. Da aka raba ƙasar a 1947, ya bi sahun miliyoyin Musulmin da suka ƙaura zuwa Pakistan. Daga baya ya yi kwas a Amurka, kuma yana Jodan yana horar da sojojin Sarki Husaini sa'ad da suka gwabza da mayaƙan Falasɗinawa a 1970.

A watan Maris na 1976 Firaminista Zulfikar Ali Bhutto ya tsallake janar-janar bakwai da suka girme shi a aiki, ya naɗa shi shugaban rundunar sojan ƙasa. Ana ganin Bhutto ya zaɓe shi ne domin ladabinsa da alamar rashin kwaɗayin mulki. Ashe mugu bai da kama. Da rikici ya ɓarke kan zargin maguɗi a zaɓen 1977, Ziya ya kifar da gwamnatin ranar 5 ga Yuli, ya yi alƙawarin sabon zaɓe cikin kwana 90. Zaɓen bai yiwu ba. Bhutto aka gurfanar bisa tuhumar kisan kai, Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin da rinjayen alƙalai huɗu a kan uku, aka rataye shi ranar 4 ga Afrilu, 1979. Sai a 2024 kotun ta amsa cewa ba a yi masa shari'ar adalci ba.

Abu biyu suka tsawaita mulkinsa. Na farko shi ne addini: ya kafa dokokin haddi a 1979, ya kawo karɓar zakka ta hannun gwamnati da Kotun Shari'a ta Tarayya a 1980. Magoya bayansa har yau suna yaba masa a kan haka. Masu sukarsa kuwa suna tuna cewa a zamanin ne aka hana jam'iyyu motsi, aka yi wa 'yan jarida bulala. Na biyu shi ne shigar sojojin Tarayyar Sobiyet Afganistan a Disambar 1979. Dare ɗaya mutumin da ƙasashen Yamma ke ƙyama ya zama abokin tafiyarsu. Gwamnatin Reagan ta ba shi tallafin dala biliyan 3.2 da jiragen yaƙi F-16, makaman mujahidai kuma suka riƙa bi ta hannun hukumar leƙen asirinsa. Pakistan ta karɓi 'yan gudun hijira kusan miliyan uku, tare da su kuma bindigogi da miyagun ƙwayoyi suka cika ƙasar.

A 1985 ya yarda aka yi zaɓe ba tare da jam'iyyu ba, ya naɗa Muhammad Khan Junejo firaminista, amma ya gyara tsarin mulki yadda zai iya rusa majalisa duk lokacin da ya so. Da rumbun makamai na Ojhri ya fashe a Afrilun 1988, Junejo ya nemi a binciko masu laifi. Ranar 29 ga Mayu Ziya ya sallame shi. Bayan kwana 80 shi kansa ya tafi Bahawalpur kallon gwajin tankar yaƙin Amurka, kuma bai dawo ba.

Me ya kayar da jirgin? Kwamitin sojan saman Pakistan, da taimakon ƙwararrun Amurka, bai ga alamar an harbo shi da makami ba, kuma sararin sama garau yake. Rahotonsa ya karkata ga zagon ƙasa, har aka yi zaton wata iska mai guba ce ta sumar da matuƙan, domin ba su aiko da kiran neman agaji ba. Jami'an Amurka kuwa sun fi karkata ga lalacewar na'urar da ke sarrafa hawa da saukar jirgin. Hujjojin da za su raba gardama ba su samu ba: jirgin ba ya ɗauke da na'urar naɗar bayanai, an binne kusan dukkan gawarwakin ba tare da binciken likita ba, kuma sai bayan watanni aka bar hukumar FBI ta je wurin. Nan jita-jita ta samu fili. An zargi Sobiyet, da Indiya, da Isra'ila, da Amurka, da wasu hafsoshin cikin gida, an kuma yi ta maganar akwatunan mangwaro da aka loda kafin tashi. Ba a taɓa hukunta kowa ba.

Mu ma a Najeriya mun san wannan ɗacin. Ranar 26 ga Satumba, 1992, jihar Jigawa na da shekara ɗaya da kafuwa, irin wannan jirgi na sojan saman Najeriya ya faɗa cikin fadamar Ejigbo jim kaɗan bayan tashinsa daga Legas. Fiye da mutum 150 suka rasu, akasarinsu matasan hafsoshi ɗaliban kwalejin Jaji. An ce injinansa ne suka mutu ɗaya bayan ɗaya, amma da yake zamanin soja ne, jama'a ba su samu bayanin da zai kashe zargi ba.

An binne Ziya a harabar Masallacin Faisal da ke Islamabad. A watan Nuwamba aka yi zaɓen da ya shekara 11 yana ɗagewa, kuma ranar 2 ga Disamba, 1988, Benazir, 'yar mutumin da ya rataye, ta zama firaminista. Ya tanƙwara kotu, ya rusa majalisa, ya kori mai neman bincike. Da ranarsa ta zo, babu wata hukuma da ta rage mai ƙarfin da za ta gaya wa 'ya'yansa abin da ya kashe mahaifinsu.