Rosalind Franklin, matar da ta fito da siffar zaren gado

An haifi Rosalind Franklin a birnin Landan ranar 25 ga Yuli, 1920. Ta karanta ilimin sinadarai a Jami'ar Kambirij, ta sami digirin digirgir a 1945 bisa binciken da ta yi a kan kwal. Daga nan ta tafi Faris, inda ta ƙware wajen amfani da hasken eksire domin gano fasalin abubuwan da ido ba ya gani.

A 1951 ta koma King's College da ke Landan, ta duƙufa a kan DNA, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado a cikin kowace ƙwayar halitta. A watan Mayu na 1952, ɗalibinta Raymond Gosling ya ɗauki wani hoto a ƙarƙashin jagorancinta, wanda ya nuna cewa zaren nan a murɗe yake. Maurice Wilkins ya nuna wa James Watson hoton ba da saninta ba. A 1953 Watson da Francis Crick suka bayyana cewa DNA tufka biyu ce, kamar igiya.

Wannan bayani ya bar baya da ƙura: idan tufka biyu ce, mene ne ke warware ta sa'ad da ƙwayar halitta za ta kwafi bayananta ta rabu biyu? Sai a 1976 aka gano sinadarin helikes, mai bin zaren yana raba tufkar domin a kwafa, ko a gyara inda ya lalace. Idan wasu nau'o'insa suka sami naƙasu, kurakurai sai su taru har su zama sankara. A 1995 aka danganta cutar Bloom, mai jawo sankara tun da ƙuruciya, da lalacewar wani helikes. A 1996 aka gano haka a cutar Werner, mai kawo tsufa da wuri.

Franklin ba ta ga wannan ba. Ta koma Kwalejin Birkbeck tana nazarin ƙwayoyin cuta, har sankarar ƙwan haihuwa ta yi ajalinta ranar 16 ga Afrilu, 1958, tana da shekara 37. A 1962 aka ba Watson da Crick da Wilkins kyautar Nobel, wadda ba a bai wa mamaci.